Baƙar Takarda a Adakar Baffa

A layin makarantar firamare babu wanda ya san shi da wani suna in ba Baffa Mai Guga ba. Shekara arba'in da 'yan kai ya yi a shago guda, wani ɗan tsukukun ɗaki mai ƙofar kwano da ke fuskantar katangar makarantar, titi ne kawai a tsakani. Tebur ɗaya ne a ciki, an shimfiɗa masa tsohon bargo an lulluɓe da farin zane. Sai igiya biyu ta rataye kayan da aka gama, da buhun gawayi a bayan ƙofa, da dutsen gugansa mai ɗan zakaran ƙarfe a baki. 'Ya'yansa sun taɓa haɗuwa suka saya masa na lantarki, ya juya shi a hannu sau biyu ya mayar cikin kwali. Ya ce ba shi da nauyi, kuma shi bai ga yadda abu marar nauyi zai kwantar da yadi ba.

Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, damtsensa na dama ya fi na hagu kauri. Bai yi boko ba, haruffa ba su taɓa zama a kansa ba. Lamba kuwa ya san ta kamar yunwar cikinsa, domin da ita yake rarrabe kayan mutane. Kowane gida da lambarsa, yakan rubuta ta 'yar ƙarama a cikin wuyan riga. Ko shekara goma ka yi ba ka zo ba, kana leƙowa zai ce maka, "Sittin da bakwai, ina ka shiga?"

Abu guda ne Baffa ba ya iya gani ya ƙyale, wato yamutsa. Labule, tsumman goge hannu, jaridar da aka naɗo masa kaya a ciki, duk sai sun sha dutse. Inna, matarsa, takan ce, "Ni dai Allah ya rufa mini asiri fuskata ba ta cirewa, da tuni ka ɗora ta a tebur." Akwai shekarar da takardar gama makarantar babban ɗansu ta faɗa cikin baho, gida ya kaure da kuka. Baffa ya tsamo ta, ya rufe ta da farin ƙyalle, ya bi ta da dutse a hankali har ta bushe ta miƙe kamar ranar aka ba da ita. An daɗe ana ba da labarin nan a gidan ana yi masa kirari, shi ma kuma yana son jin sa.

Bango ɗaya ya raba shagonsa da na Tela, abokinsa tun suna samari. Baffa ba ya kiran sa da komai sai Maƙaryaci, saboda bai taɓa gama ɗinki ranar da ya yi alkawari ba. Shi kuma Tela yana kiran sa Ƙona-riga. Sunan yana da daɗin faɗa ne saboda kowa ya san a tsawon shekarun nan Baffa bai taɓa ƙona ko hankicin wani ba.

A harabar makarantar nan ake kafa rumfar zaɓen layin. Idan an gama jefa ƙuri'a, akan zazzage akwatin a kan tebur a ƙirga a bainar jama'a, kowa na amsa lambar da ƙarfi. Malamin zaɓe ya rubuta sakamako, ya ba wakilin kowace jam'iyya kwafinsa, sannan ya liƙa ɗaya a jikin katanga don duk mai so ya gani. Bayan kwana biyu ko uku, idan an sanar da wanda ya ci, ofishin zaɓe yakan fitar da jerin abin da kowace rumfa ta samu.

A shekarar da aka haifi Auta, ƙaramar 'yar Baffa, mutane ba su gama watsewa ba wani ya yage takardar bangon. Da jerin ofis ya fito, lambar layin ba ta yi kama da abin da aka ƙirga ba. Wannan ya ce kaza ya ji, wancan ya ce a'a kaza ne, babu abin nunawa. Daga cacar baki aka koma duwatsu. Mai facin taya na bakin titi ya rasa ido guda, aka ƙona rumfunan 'yan tireda uku. Mako guda Baffa yana karɓar riguna masu jini, yana jiƙa su a ruwan sanyi da gishiri, kuma ya san lambar da ke wuyan kowace riga.

Da zaɓe ya sake zagayowa, bai shawarci kowa ba. Ana liƙa takarda sai ga shi ya ɗauko teburinsa a ka, ya tsallaka titi, ya girke shi daidai ƙarƙashinta. Ya koma ya kwaso kayan mutane da dutsensa cike da garwashi, ya ci gaba da aiki a nan.

Tela ya leƙo ya ce, "Ƙona-riga, mai shago ya kore ka ne?"

Baffa ya ce, "Iskar nan ta fi."

"Ko dai takarar kake nema?"

"Kai dai je ka gama wandon da ka ce jiya."

Kwana uku ya yi a wurin, a nan ake kawo masa abinci, a kan teburin yake kwana. Duk wanda zai taɓa takardar sai ya miƙa hannu ta saman dutse mai wuta, ba a kuwa samu wanda ya gwada ba. Da jerin ofis ya fito, wakilai suka zo da shi aka gwama da na bango, aka ga daidai. Waɗanda suka faɗi suka yi ɗan gunaguni suka tafi gida. Bayan mako guda Baffa ya ɓamɓare takardar da bakin wuƙa, ya sa ta a adakar Inna ƙarƙashin zannuwa.

Haka ya yi zaɓe biyar. Jam'iyyu biyu ne ke da ƙarfi a layin, 'yan Tulu da 'yan Kwando, kowacce da alamar da ke jikin tutarta ake kiran ta. Tela ɗan Tulu ne na a-mutu. Baffa kuwa dukkansu yake yi wa guga, kuma har ya bar duniya ba a san inda yake dangwalawa ba. Inna ta sha yi masa wayo ta ce, "Malam, ni fa matarka ce." Sai ya ce, "Shi ya sa. Kafin azahar layi ya ji."

A hankali abin ya zama jiki. Mutane suka daina tsayawa har a rubuta sakamako, ana gama ƙirga sai su kama gabansu. Su kansu wakilai suka riƙa sakaci da kwafinsu, wani ya cusa a aljihu, wani ya naɗe goro da shi. In ka yi magana a ce maka, "Haba, ta Baffa tana nan." Yana jin haka yakan sunkuyar da kai kamar bai ji ba, amma ran nan karin wandon da zai fitar sai ya fi na kullum tsini.

Zaɓe na shida ya faɗo cikin damina. Kujerar ɗan majalisa ce ake ta zafi a kanta. Wata malamar makaranta aka turo ta kula da rumfar, ta zo da sabbin takardun sakamako, sirara masu santsi. Tela ya tambaye ta ina baƙar takardar kabon da aka saba sawa a tsakani. Ta ce, "Baba, waɗannan na zamani ne. Kana rubutu a ta sama, yana fitowa a na ƙasa da kansa." Aka yi ta mamaki. Baffa yana tsaye, ya ji maganar, bai ga abin da ya shafe shi a ciki ba.

Kafin la'asar aka gama ƙirga. Tulu ɗari biyu da goma sha huɗu, Kwando ɗari da sittin da tara, bakwai sun lalace. Malama ta shafa gam ta liƙa kwafi a bango. Baffa ya kawo teburinsa.

Washegari da hantsi hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin. Kafin ya gama kwashe kayan mutane zuwa shago ruwa ya sauko da iska, yana dukan katangar kai tsaye. Ya dawo da gudu ya tarar takardar ta jiƙe sharkaf, kusurwar sama ta saki tana kaɗawa. Ya kare ta da bayansa, ya ware babbar rigarsa a kanta, ruwan ya bi ta gefe. Yana kallo wutsiyar lambar tara ta fara narkewa tana gangarowa. Titi babu kowa, Tela ya ja ƙofarsa.

Sai ya sa yatsu ya ɗaye ta a hankali, ta biyo shi ba tare da ta yage ba. Ya manna ta a ƙirji ƙarƙashin riga ya tsallaka.

A shago ya shimfiɗa ta a kan bargo. Lambobin suna nan, ana iya karantawa, sai dai takardar ta yi laushi ta tattare kamar fatar tsohuwa. Da ya bar ta ta sha iska, da babu abin da zai same ta. Amma Baffa bai taɓa barin abu ya bushe a yamutse ba. Ya ɗauko farin ƙyallen da yake yi wa siliki guga da shi ya rufe ta. Ya rage garwashi, ya jiƙa yatsa ya taɓa gindin dutsen ya ji zafin ya yi daidai. Ya ja sau ɗaya daga sama zuwa ƙasa, ya dawo, kamar yadda ya yi wa takardar ɗansa.

Wani wari ya taso wanda bai san shi ba, ba na ƙonewar yadi ba. Ya ɗaga ƙyallen.

Takardar ta bushe, ta miƙe sumul. Ta kuma koma baƙa daga sama har ƙasa, baƙi mai ɗan shuɗi-shuɗi. Babu lamba, babu sa hannu, babu hatimi. Irin takardar nan akwai tawada ɓoye a jikinta, zafi kuma yana fasa ta gaba ɗaya, amma sai daga baya aka gaya masa haka. A lokacin ya ɗaga ta ya kalli haske ta cikinta, ya juya bayanta, ya hura mata iska. Har ruwa ya ɗiga mata ko za ta dawo.

Da ya koma gida bai iya cin abinci ba. Inna ta matsa masa har ya faɗa. Ta dafe ƙirji ta ce, "Malam, tashi yanzu ka gaya wa Tela. Ka tara mutane ka nuna musu tun ba a sanar da komai ba."

Ya ce, "In ce musu me? In ce Ƙona-riga ya ƙona?"

"Ka ce musu abin da ya faru."

"Sau biyar ana gwamawa ana samun daidai. Wannan ma daidai za ta zo. Wa zai tambaye ni?"

Ta ce, "In kuma ba ta zo ba fa?"

Ya juya ya kwanta. Washegari masu wucewa suka ga bango wayam, suka leƙo shago. Ya ce musu ruwa ne ya sa ya cire, tana wurinsa. Kowa ya ce madalla, gara da ya cire. Ba ƙarya ya yi ba, amma duk wanda ya faɗa wa sai ya ji bakinsa ya yi ɗaci.

Rana ta uku rediyo ya ce ɗan takarar Kwando ne ya ci, da ratar ƙuri'a sittin da biyu. Da yamma jerin ofis ya iso layin. A gaban sunan rumfarsu an rubuta Tulu ɗari da goma sha huɗu, Kwando ɗari biyu da sittin da tara. An ɗebe ɗari cif daga nan an zuba can. Rumfarsu kaɗai ta isa ta juya kujerar.

Aka nemi wakilin Tulu, ya ce ya miƙa kwafinsa ga wani babba a jam'iyya, babban kuma tun jiya aka gan shi a gidan wanda ya ci. Wakilin Kwando ya ce nasa ya ɓace. Malamar zaɓe aka je gidanta, mijinta ya ce ta yi tafiya. Duk da haka hankalin mutane bai tashi sosai ba. Matasa sun fara tara duwatsu, dattawa suka hana su, suka ce a bari, ta Baffa tana nan.

Da safe Tela ya zo da wata lauya mai tabarau wadda za ta shigar da ƙara, jama'a na biye da su har sun toshe titi. Tela yana tafe yana faɗa mata, "Wannan da za ki gani, ranki ya daɗe, in ya ce miki fari ne, rufe ido ki saya." Ya daki ƙofar kwanon ya ce, "Ƙona-riga! Fito mana da amaryar nan a gan ta."

Baffa ya fito da ita tsakanin fararen ƙyallaye biyu, a kan tafukansa. Ya ajiye a tebur ya ɗaga na sama.

Na gaba suka zuba ido, na baya suna ta tambaya me aka gani. Lauya ta gyara tabarau ta ce, "Baba, mene ne wannan?"

Ya ce, "Ita ce."

Ya ba da labarin tun daga hadarin har zuwa warin. Tela ya ɗauki takardar ya kai hanci. Ya san warin dutsen nan shekara talatin. Ya ajiye ta a hankali.

Lauya ta ce, "Yaushe abin ya faru?"

"Kwana uku ke nan."

"Kafin a sanar da sakamako? Wa ka gaya wa?"

"Matata."

Wani daga baya ya ɗaga murya ya ce, "Tsoho, nawa suka ba ka?" Wata mata ta ce, "Shekaranjiya da bakinsa ya ce mini tana nan lafiya." Baffa ya so ya ce bai ce lafiya ba, ya ce dai tana nan, amma ya ga babu amfani. Ya nemi idon Tela. Tela yana kallon ƙasa.

Duk da haka lauyar ta kai shi kotun zaɓe, don ba ta da kowa sai shi. Ya sa rigarsa mafi kyau, ya rantse, ya faɗi lambobin ba tare da gargada ba. Lauyan ɗaya ɓangaren ya miƙe yana murmushi, ya miƙa masa wata takarda.

"Baba, karanta mana layin farko."

"Ban iya haruffa ba, ranka ya daɗe. Lamba na sani."

"To. Wane ofishi ne ya naɗa ka mai gadin takardar zaɓe?"

"Babu."

"Wa ya ba ka izinin cire ta daga bango?"

Baffa ya ce, "Ruwa ake yi."

Aka fashe da dariya har alƙali ya buga tebur. Lauyan ya ɗaga baƙar takardar da yatsu biyu ya zagaya da ita, ya ce ko akwai mai ganin ɗari biyu da sha huɗu a nan ya taimaka masa, shi idonsa ya tsufa. A ƙarshe kotu ta ce ba za ta ɗora hukunci a kan takardar da ba ta karantuwa ba, ko a kan tunin mutum guda. Aka kori ƙarar. Alƙali ya ƙara da cewa albarkacin furfurarsa ne ba za a tuhume shi da taɓa kayan zaɓe ba.

Cikin mako biyu igiyoyin shagon suka zama wayam. Mutane suka riƙa aiko a karɓi kayansu, wanda aka goge da wanda ba a goge ba. Wani ya rubuta kalma da gawayi a jikin ƙofar, Baffa ya tambayi Auta me aka rubuta, ta ce shirmen yara ne, ta wanke. Abin da ya ƙarasa shi wata doguwar mota ce da ta tsaya a ƙofar shagon da rana tsaka. Direba ya sauke ƙunshin manyan riguna, ya ce maigida, sabon ɗan majalisa, ya ce a gaishe da Baba, daga yau shi zai riƙa yi masa guga. Baffa ya ɗauki ƙunshin ya mayar cikin motar da hannunsa. Amma layi ya ga tsayuwar mota, ba kowa ne ya tsaya ganin mayarwar ba.

Tela bai zage shi ba ko sau ɗaya. Da safe zai ce, "Ina kwana, Malam," da yamma ya ce, "Sai da safe, Malam." Baffa ya jure wata guda, ran nan ya shiga shagonsa ya tsaya a kan keken ɗinkin.

"Maƙaryaci, kai ma ka yarda sayarwa na yi?"

Tela ya tsayar da ƙafarsa ya ce, "A'a. Na san ba ka sayar ba."

"To ka gaya musu mana."

"Na gaya musu har na gaji. Suna cewa in ba sayarwa ba, me ya sa ka yi shiru kwana uku? Nan ne ni ma ba ni da amsa."

"Kunya na ji."

"Kunyar wa? Tawa? Bango ɗaya ne tsakaninmu. Da ka buga shi ran nan, da mun tara mutum hamsin da suka ji ƙirgar sun sa hannu tun kafin rediyo ya yi magana." Ya zare zare daga allura ya sake zurawa. "Ni ba ma kai nake jin haushi ba, Malam. Shekara ashirin ina tashi da sassafe ina bin layi, ina ganin akwai abin da ke tsare ƙuri'ata. Ashe takarda ce guda da tsoho guda. Ruwan awa ɗaya ya gama da mu."

Ya ci gaba da taka keken.

Shekara huɗun da suka biyo baya Baffa ya tsufa da sauri. Hannun damansa ya fara rawa, sai kayan baƙi da na 'yan haya da ba su san labarin ba yake samu. 'Ya'yansa suka ce ya rufe shagon ya huta, ya ƙi. Da aka sa ranar zaɓe na bakwai, ya aiki Auta, wadda a lokacin har ta yi aure tana da goyo, ta sayo masa leda mai kauri wadda ake gani ta cikinta, da ƙananan ƙusoshi, da siraran katako huɗu.

Inna ta ce, "Malam, bai ishe ka ba?"

Ya ce, "Wannan karon ruwa ba zai taɓa ta ba."

Shi ne na farko a layi ranar. Ya juya bayansa ya ga babu layin. Malamin zaɓe, wani saurayi, ya wuni yana korar ƙuda. Tela ya buɗe shagonsa kamar kowace rana, ƙarar kekensa tana tsallako titi. Da aka zazzage akwatin, ƙuri'a talatin da takwas ce a ciki, a rumfar da ta saba haura ɗari uku da tamanin. Kwando ashirin, Tulu goma sha takwas. Ƙirgar ba ta ɗauki minti goma ba.

Auta ta taya shi ɗaukar teburin. Ya rufe takardar da leda, ya danne gefunanta da katako, ya kafa ƙusoshi, yana bugu guduma tana kuɓuce masa. Ya zauna kwana uku. Babu wanda ya zo yage ta. Babu kuma wanda ya tsaya ya karanta. Yara 'yan makaranta ne kawai suke leƙa fuskarsu a jikin ledar.

Rediyo ya sanar da wanda ya ci, ba a kawo jerin ofis ba, don babu wanda ya je karɓowa. Baffa ya tura Auta. Ta dawo da lambobin a rubuce a bayan hannunta, ta tsaya tana jan ƙafa.

Ya ce, "Faɗi."

Ta ce, "Baffa, sun ce mutum ɗari uku da casa'in da ɗaya ne suka yi zaɓe a nan."

Ya miƙe tsaye har teburin ya girgiza. Ya dubi bango. Takardar tana nan fes a bayan leda, kowace lamba a fili, ga sa hannu, ga hatimi, ba a taɓa ta ba, ba a cire ta ba. Shekara huɗu ke nan Auta ba ta ga haske irin wannan a fuskarsa ba. Ya bi layin yana buga ƙofofi, yana cewa a fito a gani, wannan karon akwai shaida. Wasu suka ce suna zuwa. Mai facin taya ya kalle shi da idonsa guda ya ce, "Baffa, ka bar mu mu ji da abin da za mu ci." Wakilin Tulu ya ce jam'iyya ta ce ba za ta sake zubar da ƙarfinta a kotu ba.

Ya ƙare a ƙofar Tela yana haki.

"Maƙaryaci, taso ka gani. Don Allah taso."

Tela ya dube shi ya daɗe. Ya cire tabarau daga goshi ya sa a ido, ya tsallaka titin tare da shi. Ya sunkuya ya karanta takardar tun daga sama har ƙasa, yana bin layi da yatsa. Baffa ya kalli babban yatsan Tela, babu ɗigon tawadar zaɓe a jikinsa.

"Ka gani? Talatin da takwas. Su kuma sun ce ɗari uku da casa'in da ɗaya. Har da kai a ciki, Maƙaryaci, sun yi maka zaɓe kana zaune a kan keke. Wannan ko makaho aka kai wa..."

Tela ya shafa katakon, ya gwada ƙusa ɗaya da farce ya ji ta kafu.

Ya ce, "Aiki ya yi kyau, Malam."

Ya juya ya koma. Jim kaɗan ƙarar keken ta sake tashi.

Baffa ya cika mako a gindin katangar, ko da yake babu kayan da zai goge. Rana ta bakwai ya zare ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, ya ɓamɓare takardar da bakin wuƙa. Kusurwarta guda ta ɗan naɗe. Auta ta ga ya kai babban yatsa zai miƙar da ita, sai ya janye hannun, ya sa ta a adaka haka nan.

Bai sake buɗe shagon ba. Ya rasu kafin damina ta zagayo, bayan gajeriyar jinya. Tela ya zo, ya zauna a ƙofar gida kwana uku.

Adakar tana wurin Auta yanzu. Takardu bakwai ne a ƙarƙashin zannuwan Inna, a jere yadda ya sa su. Biyar na farko sun yi ja saboda tsufa, ta bakwai har yau ana karanta ta sarai, da naɗaɗɗiyar kusurwarta. Ta shida tana tsakanin fararen ƙyallayenta biyu. Idan jikoki suka tambaya me ke rubuce a jiki, Auta takan faɗa musu lambobin da ka, ɗari biyu da goma sha huɗu, ɗari da sittin da tara, bakwai sun lalace, sannan ta mayar da ƙyallen ta rufe.